Ga ƙanena mai tambaya kan karatun likita ta waya

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka shiga shekarar farko ta likitanci a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kana son sanin ko WhatsApp da YouTube da TikTok na taimakon karatu ko cin lokaci kawai suke. Na riga ka bin hanyar nan, kuma har gobe ina amfani da su.

A shekarun farko YouTube ya yi mini rana ƙwarai. Yadda jini ke zagaya zuciya, ko ƙarar da take yi idan ƙofarta ɗaya ta lalace, abu ne da takarda ba ta iya nunawa. Ka riƙa sauke bidiyo da dare lokacin da rezo ke da kyau, ka cika cajin waya, don ka san halin kuran da bazara. Gurup ɗin aji kuwa na kwas ne da jadawalin gardi, wato kwanan aiki a asibiti. Karatu na gaske sai a ƙaramin gurup na abokai kaɗan masu yi wa juna tambayoyi. TikTok ban ga abin da ya ƙara mini ba.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne ranar da ka fara istaj, wato koyon aiki a asibiti. Daga Agusta zuwa Oktoba sashen yara cika yake da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, su kuma masu bidiyon Faransa da Amurka ba cututtukanmu ne a gabansu ba. Na sha ganin hoton rubutu yana yawo cewa allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani mg 2,4 ce a kowane kilo na nauyin jiki. Gaskiya ne, amma yaron da bai kai kilo 20 ba mg 3 ake ba shi, kuma irin waɗannan yaran ne suka fi yawa a gadajenmu. Wanda ya haddace rabin magana zai rage wa yaro magani. Haka mai tamowa mai tsanani: ba a gaggauta ɗura masa ruwa kamar sauran yara, zuciyarsa ba ta ɗauka, da madarar F-75 ake farawa. Wannan a CRENI ake koyonsa, wato sashen da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, a tsaye kusa da malaman jinya da suka daɗe suna yi. Duk adadin maganin da ka gani a waya, ka gwama shi da ƙa'idar magani ta ƙasa, ka tambayi likitan da ke samanka.

Don Allah kuma kada ka ɗauki hoton maras lafiya. Maraɗi kowa ya san kowa. Ko ka rufe fuska, lallen hannu ko zanen da mace ta ɗaura ya isa a gane ta a Tibiri ko Madarumfa, ita kuwa amana ta ba ka da ta buɗe jikinta. In cutar ta cancanci tattaunawa, rubuta shekaru da alamomi da sakamakon gwaji, ban da suna da unguwa, bayan ka nemi izinin shugaban sashe.