Amsa: ruwan sha a tafiyar daji

Malam, ka ce daga Kano za ku tashi ku taka ƙafa ta wajen Falgore da Riruwai, kana tambaya wanne ya fi wajen tsabtace ruwan sha tsakanin ƙwayar kulorin, matata da tafasawa.

Fara da kawar da laka, domin ruwan damina jajir yake, kuma laka tana cinye ƙarfin kulorin, tana toshe matata. Kaɗa ɗan alimun a ciki, bari ya kwanta, ka tsiyaye na sama ta tsumma mai tsafta.

Tafasawa ta fi komai tabbas: ya yi minti 1 yana ɓararraka. Da rana kuwa, lokacin da hura wuta zai ci lokaci, sa Aquatabs, wato ƙwayar kulorin, bisa awon da ke jikin fakiti, ka jira minti 30 cif. Sai dai kulorin ba ya kashe Cryptosporidium, wata ƙwayar cuta mai sa gudawa. Matata mai ƙananan ƙofofi masu girman maikuron 0.1 tana tare shi, amma bairos na wucewa, shi ya sa na fi son a tace sannan a sa ƙwayar kulorin.

Don Allah ku guji kududdufan tsofaffin ramukan kuza na Riruwai. Tafasawa ba ta fitar da gubar ma'adinai.