Tambaya da Amsa: Gidanmu na Birmingham tsukukke ne, mu fasa bangwayen?

Tambaya: Salam Anti, ni da maigidana mun sayi wani tsohon gida a Birmingham, irin na jere ɗin nan da bango ɗaya ya haɗa ku da maƙwabta, an ce tun wajen 1890 aka gina shi. Faɗinsa bai kai mita 5 ba sai uban tsawo, tsakiyarsa duhu ko da rana tsaka. Ni dai so nake a fasa duk bangwayen ƙasa, falo da kicin su haɗe irin na zamani, shi kuma ya ƙi. Dan Allah wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya sa rai aka yi wa. Gaskiya na fi karkata wajen maigida, don abin da ke damunki duhu ne ba bango ba.

Ki bar falon gaba da ƙofarsa wallahi, shi ne zaurenki. Ranar da abokan maigida suka zo ke kina kicin ba mayafi kina soya manja ko kin jefa daddawa a miya, ƙamshin nan ya bi kujeru da labule ya zauna, ga sanyin Ingila ba dama a buɗe taga, a ranar za ki gode wa bangon nan. Baya ake buɗewa. Yawancin gidajen jere na zamanin Sarauniya Victoria irin naku suna da ɗan siririn fili a gefen kicin da ba a komai da shi sai ajiye bola, to shi ake shigarwa cikin kicin ɗin a yi masa rufin gilashi, haske ya sauko daga sama har ɗakin tsakiya. Ƙofar falo kuma a sa mai gilashi mara nuna mutum.

Amma kar a taɓa bango sai injiniya ya duba, wasu su ke ɗauke da bene, sai an sa ƙarfe ya karɓi nauyin kuma masu duba gini na kansul, wato ƙaramar hukuma, sun amince, haka ma in za a cire bututun hayaƙi. Sannan akwai dokar bangon haɗaka ta 1996, in aikin zai shafi bangon da ke tsakaninku da maƙwabci dole ku ba shi sanarwa a rubuce wata 2 kafin a fara, ba wai ku gaisa a ƙofa ku faɗa masa da baki ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne masu shafe tsohon bulo da siminti. Da farar ƙasa aka yi ginin nan, ita ke barin danshi ya fita, in kika toshe shi da siminti da fentin roba cikin ɗaki zai dawo, fenti ya riƙa ɓarewa kusa da ƙasa, baƙin gansakuka ya fito a bayan wadrob. Ki nemi magini da ya iya filastar farar ƙasa ko da ya fi tsada. Silin mai zane-zane kuma kar ki bari a kankare sai an gwada ko akwai asbestos a ciki, wani ma'adini ne da a da ake sawa a kayan gini, sai a 1999 Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya, kuma ƙurarsa huhu take lalatawa, ga ku da yara a gida.