Dole Ne Mu Yafe Jinin Ƙanena Don An Yafe A Wasan Rediyo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, daga wani ƙauye nake a ƙasar Darazo. A kakar da ta wuce shanu suka faɗa gonar waken ƙanena da daddare. Da safe ya bi sawu har ruga, magana ta yi zafi, wani saurayi ya ɗaga sanda ya sauke masa a ka. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mace ɗaya da yara uku ƙanana, biyu maza, ga Innarmu da ranta, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. Yaron da ya buge shi yana hannun hukuma.

To Malam, akwai wasan kwaikwayo da ake sawa a rediyo da dare, kusan duk garin ake saurara. Labarin kamar namu aka ɗauka: an kashe ɗan wata tsohuwa a kan ɓarnar gona, gari ya rabu biyu, daga baya tsohuwar ta miƙe gaban dagaci ta ce ta yafe duniya da lahira, ba ta son ko kwabo. Tun daga ranar ba mu huta ba. Duk wanda ya shigo gaishe da Inna sai ya ce ta yi koyi da tsohuwar rediyo. Har wani dattijo ya ce mata wanda bai yafe ba Allah ba zai yafe masa ba, kuma kukan da take yi azaba ne ga mamacin. Ita ta ce ba za ta iya ba. A ɗaya gefen samarinmu sun hana matan ruga shigowa da nono, wasu na cewa a rama. Dole ne mu yafe? Inna tana cikin zunubi? Masu wasan nan ba su ci namanmu ba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya raya abin da ya bari, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarku.

Bari in fara da kukan Inna, don shi ne ya fi gaggawa. Ka je ka gaya mata hawayenta ba zunubi ba ne, kuma ba ya ƙona ɗanta a kabari. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya riƙe ɗansa Ibrahim yana kan gargara, idanunsa suna zuba, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ranar da ya je duba Sa'adu ɗan Ubada ma ya yi kuka, ya ce Allah ba ya azabtarwa saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, da wannan yake azabtarwa ko ya yi rahama, ya nuna harshensa. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. Hadisin da dattijon ya jingina da shi, cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, yana nan, amma rabinsa ya ɗauko. Nana A'isha da kanta ta amsa shi da ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, malamai kuma suka ɗora shi a kan kukan kururuwa, da marin fuska, da yaga tufa, ga mamacin da ya yi wasiyya da hakan ko ya zama al'adarsa. Kwana ukun da shari'a ta iyakance wa dangin mamaci, na barin ado da zaman makoki ne, ita matarsa kuwa takabarta wata huɗu da kwana goma. Ba a sa wa zuciya ranar daina ciwo ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ya ba da labarin bai zarge shi ba.

Yanzu yafiya. Hukuncinta mustahabbi ne mai girman lada, ba wajibi ba. A Suratul Isra'i, aya ta 33, Allah ya ce wanda aka kashe da zalunci ya ba waliyyinsa iko, kada dai ya wuce iyaka wajen kisa. A Suratus Shura, aya ta 40, ya ce wanda ya yafe ya gyara, ladansa yana ga Allah, aya ta gaba kuma nan take ta ce wanda ya karɓi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu hanyar zargi a kansa. Masu gaisuwar nan sun haddace ta 40, sun tsallake ta 41. Maganar cewa wanda bai yafe jini ba Allah ba zai yafe masa ba, babu aya ko hadisin da ya faɗi haka. Abin da ya zo a Suratun Nur, lokacin da Sayyidina Abubakar ya rantse zai yanke wa ɗan'uwansa Misɗahu taimako saboda ya shiga cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, kwaɗaitarwa ce: ashe ba ku son Allah ya gafarta muku? Dattijon nan ya ji tsoron Allah, ya janye maganarsa a gaban wadda ya faɗa wa.

Ba ina rage darajar yafiya ba ne. Anas ya ce ba a taɓa kawo wa Annabi shari'ar ƙisasi ba sai ya yi umarni da afuwa. Amma dubi yadda yake yi. Da Rubayyi'u 'yar Nadru ta karya haƙorin wata yarinya, dangin yarinyar suka ƙi yafewa suka ƙi diyya, bai tsawata musu ba, cewa ya yi hukuncin Allah shi ne ƙisasi. Daga baya su da kansu suka sauko. Da ya roƙi Barira ta koma wa mijinta Mugisu, ta tambaye shi, umarni kake yi mini? Ya ce a'a, ceto nake yi. Ta ce to ba ni da bukatarsa. Aka bar ta. Idan Manzon Allah ya roƙa aka ce masa a'a bai ƙara matsawa ba, ina wani mai gaisuwa ya samo ikon tsare tsohuwa a ɗakinta kullum?

Akwai kuma abin da nake so Inna ta ji da kunnenta. Wahshi shi ya kashe Hamza, baffan Annabi, a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Bayan buɗe Makka ya zo ya musulunta. Annabi ya karɓi musuluncinsa, bai taɓa shi ba, amma ya ce masa: za ka iya ɓoye mini fuskarka? Wannan shekaru ne bayan abin ya faru, kuma mafi tausayin halitta ke nan. Saboda haka ko Inna ta yafe wata rana, babu wanda zai ɗora mata ta zauna tabarma ɗaya da wanda ya kashe mata ɗa, ko ta yi masa murmushi don a ce gari ya shirya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda tsohuwar rediyo ta yi abin da Inna ba ta da ikon yi shi ne wurin "ba na son ko kwabo". Jinin ƙanenka ba na mutum ɗaya ba ne. A mazhabar Maliku, wanda ya ɗaga sanda cikin fushi da adawa ya buga har aka mutu, kisan ganganci ya yi, ko da ya ce bai nufi kashewa ba, sai dai tabbatar da yadda abin ya faru aikin alƙali ne, ba nawa ba, ni gefe ɗaya na ji. Idan ya tabbata, ko dai ƙisasi, ko a yi sulhu a kan diyya, ko afuwa. Diyya asalinta raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma a kisan ganganci daga dukiyar mai laifin take fita, ba a ɗora wa danginsa sai in sun ga dama. Idan aka karɓe ta, gado ake raba ta. A gidanku, in an kasa ta kashi 24, matarsa tana da 3, Inna tana da 4, sauran 17 na marayun nan ne, namiji rabon mata biyu. Kai ɗin nan ba ka da ko ɗaya, 'ya'ya maza sun kange ka. To da wane baki wani zai miƙe gaban dagaci ya kyautar da kashi 17 na yaran da ba su san ma me ake ciki ba? Shehu Halil ya faɗa a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa waliyyin yaro ƙarami yana duba masa abin da ya fi, tsakanin ƙisasi da cikakkiyar diyya, ba ya sauka ƙasa da ita sai in mai laifin ba shi da hali. Inna tana iya barin nata in ta so. Na marayu amana ne.

Ko an yafe ma, magana ba ta ƙare a nan. Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce wanda aka yafe wa kisan ganganci za a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda. Wannan haƙƙin jama'a ne, don kada rai ya zama abin wasa. Tunda yaron yana hannun hukuma, ku bi shari'ar inda take, kada wani ya ruɗe ku da cewa zuwa kotu rashin tawakkali ne. Jiharmu ta Bauchi tana da kotunan shari'a da dokokinsu tun 2001, kuma kowace kotu ce ke riƙe da shari'ar, duk sulhun da za a yi a yi shi da saninta, a rubuce, da shaidu.

Abin da yake wajibi a kanku daban ne, kuma shi ne samarinku suke takewa. Haramun ne wani ya ɗauki makami ya ce zai rama. Ƙisasi ba a hannun ɗan'uwan mamaci yake ba, hukuma ke zartar da shi bayan hujja, kuma a kan wanda ya yi kisan kaɗai. A kashe ƙanensa, ko a ƙone rugarsu, ko a sare shanunsu, wannan shi ne wuce iyakar da ayar Isra'i ta hana, shi ne jinin jahiliyya da Annabi ya taka da ƙafarsa a huɗubar ban kwana, ya fara da jinin gidansu. Matar da ta ɗauko ƙwaryar nono tun asuba ta tako zuwa garinku, me ta yi? Ba ita ta riƙe sandar ba. Hana ta cin kasuwa zalunci ne, kuma ku ne masu gawa, maganarku ta fi ta kowa nauyi a wurin samarin nan. Kai ka tsaya bayan sallar Juma'a ka ce ba da yawunku ba. Wannan ba yafe jini ba ne, haƙƙinku yana nan daram. Mu nan ƙasar Bauchi, gida nawa ne za a bincika a rasa auratayya tsakanin gari da ruga? Sahu ɗaya ake tsayawa ranar Idi.

Ɓarnar gonar ma tana da hukuncinta, kuma rashin tsayar da shi ne ke kai mutane ga sanda. A Muwaɗɗa, da raƙumar Bara'u ɗan Azib ta yi ɓarna a gonar wani, Annabi ya hukunta cewa masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su za su biya. Waken ƙanenka da dare aka ci, biyansa yana kan masu shanun, ya shiga cikin gadon marayu, ba ya cikin lissafin diyya. Su kuma manoma da suka nome burtali suka toshe mashaya, su san suna da kaso a cikin fitinar da ke biyo baya. Dagaci da ardo da sarkin noma su zauna a kan wannan tun kafin wata kakar.

Saura masu wasan. Malamai sun yi saɓani a kan wasan kwaikwayo, wasu sun hana don suna ganin ƙarya ce. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne halacci, domin mai sauraro ya san misali ake buga masa, kuma mala'iku sun zo wa Annabi Dawuda a siffar masu husuma don ya ɗauki darasi. Sharaɗin shi ne kada a bayyana mutane na gaskiya ta yadda za a gane su, kada a yi wa wata ƙabila kuɗin goro, kada a faɗi hukuncin da shari'a ba ta faɗa ba. Idan ba su ambaci garinku ko sunanku ko wata alama da ta keɓance ku ba, ba su ci namanku ba, kuma kada ka ɗora musu zato. Abin takaici, labarin shanu da gona da gawa ya faru a wurare da yawa, duk inda aka sa shi wani gida zai ce da shi ake. Idan kuwa ka tabbatar wani ne ya kwashi sirrin gidanku ya kai, wannan giba ce, ku rubuta wa tashar ku nemi gyara.

Nasihata gare su ita ce su daina gaggawar kai labari ga rungumar juna. A Suratu Yusuf, sai da 'yan'uwansa suka ce lalle mun kasance masu laifi, sannan ya ce babu zargi a kanku yau. Mahaifinsu ma da suka roƙe shi, cewa ya yi zan nema muku gafara, bai yi nan take ba. Marubucin da zai nuna tsohuwa tana yafewa, ya nuna dangin mai laifi sun zo sun durƙusa sun amsa laifi, ya nuna an ware haƙƙin marayu, ya nuna watannin da ta kwana ba barci. In ya tsallake waɗannan, ya ba mutane bulalar da za su riƙa dukan masu makoki da ita, ko da bai nufa ba.

Ban ji a wasiƙarka cewa iyayen yaron sun zo ta'aziyya ba. Idan tsoro ne ya hana su, liman da dagaci su yi musu jagora su zo, ba tare da an ambaci yafiya a zaman farko ba. Idan Inna ta ce ba ta son ganinsu tukuna, kai da baffanninku ku karɓe su a zaure. Masu shigowa da zancen tsohuwar rediyo kuwa, ka tare su tun a ƙofar gida, ka ce Malam ya ce a yi wa mamaci addu'a a tashi.

Allah ne mafi sani.