Tambaya da Amsa: Wane Itace Ya Fi Dacewa da Ƙotar Bindigar Farauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maharbi ne a ƙasar Argungu, kuma na gaji bindigar toka daga mahaifina. Ƙotarta ta tsage daga wuya a hunturun bana. Wasu sun ce in sa a sassaƙa mini ta ƙirya, wasu kuma sun ce ta maɗaci. Wacce za ta fi ƙarko?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Duka itatuwan biyu suna da kyau, amma a ganina bushewar itacen da yadda aka yanko shi sun fi sunansa muhimmanci.

Ƙirya tana da tauri ƙwarai, gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita. Illarta nauyi, kuma maharbin da zai wuni yana ratsa fadama da bindiga a kafaɗa zai ji a jikinsa tun kafin azahar. Maɗaci ya fi ta sauƙin ɗauka da sauƙin sassaƙa, yana kuma yin santsi idan an goge shi. Kanya ma ta dace, domin an daɗe ana yin ƙotar bindiga da ita. Rimi da kuka kuwa kada ma a kawo maganarsu, laushinsu ya yi yawa.

Ka ce tsagewar daga wuya ta faro, kuma nan ne ƙota ta fi rauni, domin wurin siriri ne, sannan duk bugun da bindiga take yi baya idan ta tashi ta nan yake bi. Idan ka je wurin masassaƙi, ka karɓi katakon ka duba zaren da ke jikinsa: dole ya miƙe tare da tsawon wuyan, kada ya gitta shi, kuma kada a sami gaɓar reshe a wurin. Ka nemi zuciyar itacen, ka bar farin da ke kusa da ɓawo, wanda ƙwari suka fi so. Itacen kuma ya zama wanda ya shekara ko fiye yana bushewa a inuwa, domin ɗanyen itace yakan kumbura da raɓar fadama da damina, sannan ya tsuke ya dare idan iskar hunturu ta buso.

Game da kulawa, ka riƙa shafa wa ƙotar man katako kaɗan kaɗan, musamman gindinta da cikin ramin da ƙarfen yake kwanciya. Ka kiyaye ta daga baƙin mai da man inji, domin suna shiga itace su rubar da shi sannu a hankali. Saboda haka, bayan ka shafa wa ƙarfen mai, ka jingine bindigar bakinta ƙasa, ba tare da harsashi ko albarushi a ciki ba.

Kafin ka kai ta gyara, ka tabbata takardar izininka tana nan da sunanka, domin ta mahaifinka ba ta wadatar da kai. A Dokar Makamai ta 1959, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da izinin irin wannan bindiga, kuma a halin tsaron da yankinmu yake ciki, tafiya da ita ba takarda haɗari ne babba. Kada kuma ka sake harba ta da tsagaggiyar ƙota, ko da an ɗaure wurin da waya ko roba.