Tambayoyinku kan Fasaha: Wace manhajar karatu ta intanet ta dace da makarantarmu?

Saƙonnin wannan mako sun karkata kan abu guda, wato manhajojin da ake tafiyar da karatu da horaswa ta intanet, da kamfanonin da ke tallarsu. Ga huɗu daga ciki.

Daga wani mai makarantar sakandare mai zaman kanta, Ƙofar Ƙaura, Katsina: Assalamu alaikum Malam. Wani kamfani ya zo ya nuna mana manhajar da za a riƙa ɗora darussa, aikin gida da jarrabawa a kanta. Sun ce za mu riƙa biya duk shekara a kan kowane ɗalibi. Sai malaminmu na kwamfuta ya ce akwai irinta kyauta. Wanne zan bi?

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Duka su biyun gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa ya faɗi rabin da ya shafe shi.

Irin wannan manhaja ita ake kira LMS. Aikinta shi ne ta tattara rijistar ɗalibai, darussa, aikin gida, gwaji da maki a wuri ɗaya, ta kuma nuna wa malami wanda ya buɗe darasi da wanda ko leƙawa bai yi ba. Wadda malaminka yake nufi, ina kyautata zaton Moodle ce. Martin Dougiamas, ɗan ƙasar Ostireliya, shi ya fitar da ita a 2002, kuma lasisinta ya ba kowa damar saukewa, ya girka, ya sauya ta yadda yake so ba tare da ya biya ko sisi ba. Akwai kuma Google Classroom da ta fito a 2014, ita ma ba a biya, ga sauƙin koyo. A ɗaya ɓangaren akwai manya irin su Blackboard da Canvas, na kamfanonin Amurka, waɗanda galibi jami'o'i ke ƙulla yarjejeniya da su. Makarantar sakandare a Katsina ba ta da buƙatar waɗannan, ka cire su daga lissafi.

Kyautar Moodle kamar a ba ka doki kyauta ne: dokin naka ne, amma harawa da dusa da mai kula da shi duk a wuyanka suke. Sai ka yi hayar saba, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kanta dare da rana. Sai ka sayi adireshin shafi, ka riƙa sabunta shi duk shekara. Sannan, wanda ya fi duka muhimmanci, sai an sami mutum ɗaya da zai riƙa sabunta manhajar yana toshe ɓarakar tsaro, yana kuma ajiye kwafin bayanai. Idan malamin kwamfutarka ya iya wannan, kuma ka tabbata zai zauna da kai, to ka huta da biyan kuɗi a kan kowane ɗalibi. Idan kuwa shi kaɗai ya san kan abin, ranar da ya sami aiki a wani wuri karatun ya tsaya.

Game da kamfanin, akwai abin da ya kamata ka sani. Kamfanoni da dama Moodle ɗin suke ɗaukowa su canza mata launi, su sa tambarinsu. Wannan ba laifi ba ne, lasisin ya yarda, kuma idan suna kula da ita da kyau sun cancanci haƙƙinsu. Amma ka tambaye su kai tsaye a kan me suka gina tasu. Wanda ya amsa maka ba kwana-kwana, alama ce mai kyau.

Kafin ka sa hannu a takarda, ka tsaya kai da fata a kan adireshin shafin. A yi rijistarsa da sunan makarantarka, da imel ɗin makaranta, ba da sunan kamfanin ko na wani yaronsu ba. Kalmar sirri ta babban mai iko da manhajar ta kasance a hannunka. A rubuta cikin yarjejeniya cewa duk ranar da kuka rabu za su miƙa maka sunayen ɗalibai, makinsu da darussan da malamanka suka sha wahalar shiryawa, a tsarin da wata manhajar za ta iya karɓa. A Moodle ana iya fitar da kwas sukutum a fayil guda mai ƙarewa da .mbz, a kai shi wata sabar a buɗe. Ka ce su gwada maka hakan a gabanka. Ina nanata wannan ne domin nan ne masu makarantu suka fi shiga uku: shekara uku ana zuba darussa, sai kuɗi ya tashi, a nemi sauya kamfani, a tarar komai yana kulle a hannun wani.

Ka kuma tambaya, da naira za ka biya ko farashin yana bin dala? Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk wanda yarjejeniyarsa ke ɗaure da dala ya ga kuɗinsa ya ninka. Ko da naira suka rubuta, idan sabarsu a waje take, ka nemi su faɗa maka sau nawa za su iya ƙara kuɗi a shekara.

Bayanan yara amana ce, kuma yanzu doka ma ta shigo. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara bayanan mutane, hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ce ke sa ido. Makarantarka ce ta karɓi sunaye, hotuna da lambobin iyaye, don haka ka san inda ake ajiye su da wanda ke iya ganinsu.

Gwaji na ƙarshe kada a yi shi a ofishinka da kwamfutar kamfanin. A nemo wayar da ta fi kowace ƙanƙanta cikin wayoyin iyayen yara, irin Android ɗin nan mai ƙaramin ma'aji wadda kullum take kukan ta cika, a sa mata data ta ɗari biyar, a ba yaro ya buɗe darasi a gida da daddare. Idan ta buɗe, ya karanta, ya tura aikinsa, to manhajar ta ci. Ni dai shawarata, ka fara da aji ɗaya a Google Classroom na zango guda, ka ga malamai nawa ne za su riƙa ɗora aiki da gaske. Abin da ka gani shi zai gaya maka ko akwai dalilin kashe kuɗi.

Daga wata malamar tajwidi, Daura: Ina koyar da matan aure ta WhatsApp, suna biya duk wata. Ɗalibai sun yi yawa, karatu yana ɓacewa cikin gaishe-gaishe, kuma ina rikicewa kan wadda ta biya da wadda ba ta biya ba. Ko sai na sayi manhaja?

Allah ya saka da alheri, Malama. Ba sai kin saya ba tukuna. Matsalolinki biyu ne daban, kowace da maganinta.

Na farko, ɓacewar karatu. Ki buɗe tasha a Telegram wadda ke kaɗai za ki iya sa abu a ciki, ki jera darussan da lamba, darasi na 1, na 2, haka. Amfanin Telegram shi ne fayilolin suna zaune a sabar kamfanin, don haka ko ɗaliba ta canza waya, ko ta shigo a makare, za ta tarar da komai tun daga farko. WhatsApp ki bar shi don biya karatu, kowace ta turo muryarta a ƙaramin zaure na mutum ashirin ko ƙasa da haka. Zauren WhatsApp yana ɗaukar har mutum 1,024, amma babu malamar da za ta iya sauraron makhrajin mutum dubu ta gyara.

Ki riƙe murya, kada ki bari a ruɗe ki da bidiyo. Karatunki na kunne ne, kuma murya ba ta cin data kamar hoto mai motsi. Matar da ke jiran mai gida ya sa mata kati za ta iya sauke darasin murya na minti goma, ta saurara tana aikin gida.

Na biyu, kuɗi. Akwai Selar, dandalin da 'yan Najeriya suka kafa don sayar da kwasa-kwasai da littattafai na intanet, ana biya da naira, kuma yana rubuta miki sunan duk wadda ta biya. Akwai kuma Paystack da Flutterwave da ke ba ki shafin karɓar kuɗi. Dukkansu suna cire ɗan kaso a kan kowane biya, ki duba nawa ne kafin ki fara. Teachable da Thinkific suna da kyau, amma kuɗin watansu da dala ne, ban ga dalilin da zai kai ki can ba yanzu. Idan wani ya ce miki manhajarsa tana hana a kwafi darasi kwata-kwata, kada ki biya ƙari saboda wannan. Duk abin da kunne ya ji, wata wayar za ta iya naɗa. Abin da ɗalibanki suke biya shi ne gyaran da kike musu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ba ya kwafuwa.

Daga jami'in horaswa na wata ƙungiya, Katsina: Muna horas da malaman firamare a ƙananan hukumomi, wasu wuraren babu sabis mai kyau. Masu ba mu tallafi suna son rahoton wanda ya kammala da wanda bai kammala ba. Me za mu nema?

Yallaɓai, naka ya wuce ɗora darasi, ya shiga tafiyar da horaswa: wa aka gayyata, wa ya halarta, wa ya ci gwaji, wa aka ba satifiket, yaushe za a sake kiransa. Moodle tana bibiyar kammala kwas, tana kuma fitar da rahoto a tsarin Excel, sannan ana ƙara mata ɓangarorin ɗaukar sunan mahalarta da buga satifiket. Cikin na biya akwai irin su TalentLMS, da aka yi musamman don horas da ma'aikata. Idan masu tallafin za su turo muku darussan da aka riga aka shirya, ka tambayi mai sayarwa ko manhajarsa tana karɓar SCORM. Ƙa'ida ce ta haɗa darasi da ta samo asali daga ma'aikatar tsaron Amurka, ita ke sa darasin da aka shirya a wata manhaja ya yi aiki a wata, har ya dawo da maki.

Amma mu 'yan Katsina mun san abin da ya fi wannan. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan saboda matsalar tsaro, aka yi watanni ba sabis. Duk tsarin da ba ya motsi sai da intanet, a irin wannan yanayi ya mutu. Don haka ka sa aiki ba tare da intanet ba a matsayin sharaɗi na farko. Manhajar Moodle ta waya tana ba malami damar sauke kwas idan ya shigo gari, ya yi karatunsa a ƙauye, sakamakon ya tafi da kansa ranar da wayar ta sake samun sabis. Akwai kuma Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, wadda aka gina ta daga tushe don aiki ba tare da intanet ba, kuma kyauta ce. Ana girka ta a laftof ɗaya ko 'yar kwamfutar Raspberry Pi, a haɗa da na'urar Wi-Fi, duk wayoyin da ke ɗakin su shiga su yi darasi babu ko digon data. Da ƙaramin sola da batir an gama. Mai horaswa zai dawo da laftof ɗin Katsina ya kwashe rahoton.

Ka kuma leƙa Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Kyauta ne, yana bin tsarin karatun makarantun ƙasa, mai yiwuwa wani abin da kuke shirin biya a shirya muku yana can.

Daga wata malamar kwaleji, Katsina: Shin akwai manhajar da ke hana satar amsa a jarrabawar intanet?

Tana ragewa, Malama, ba ta hanawa. Ki tara tambayoyi masu yawa a rumbu, ki sa manhajar ta zaɓo wa kowane ɗalibi nasa, ta cakuɗa jerin amsoshin, ki kuma ƙayyade lokaci. Moodle tana yin duk wannan, tana kuma aiki da Safe Exam Browser, wanda ke kulle kwamfuta kada a buɗe wani shafi. Sai dai ba ya ganin waya ta biyu a hannun ɗalibi, ko yayansa da ke zaune a gefe. Shi ya sa JAMB, duk da jarrabawarta ta kwamfuta ce, take tara ɗalibai a cibiya ƙarƙashin masu sa ido. Gwajin mako-mako a yi shi daga gida da maki kaɗan, babbar jarrabawa kuwa a ɗakin kwamfuta na kwaleji, kina tsaye.