Hukuncin Ajiye Maganin Suga Don Komawa Ga Zuma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Aboabo nake, a Kumasi. Likita ya ce ina da ciwon suga, wanda bai kai ga allurar insulin ba, ya ɗora ni a kan metformin. Yayata ta ce in ajiye ƙwayoyin in riƙe zuma da habbatus sauda, wai shan magani kullum raunin tawakkali ne. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Bai halatta ki ajiye maganin da kanki ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, kuma shi ne shugaban masu tawakkali. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa magani yana zama wajibi idan barinsa zai salwantar da rai ko wata gaɓa. Suga kuwa in aka yi sakaci da shi, a ɓoye yake cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa, mutum yana jin garau har sai ɓarna ta yi nisa. Metformin yana rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, don haka in kin ji sauƙi, alamar aikinsa ce.

Zuma, hakika Allah Ya ambaci warakarta a Suratun Nahl, amma wasu malaman tafsiri sun ce ba kowace cuta ake nufi ba. Kuma zuma kanta suga ce, cokali biyu da safe sai awonki ya tashi. Habbatus sauda ki sanar da likita kafin ki haɗa.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne a kwano. A haɗiye ƙwaya, a bi ta da koko mai sukari cokali uku da burodi, da rana wake da shinkafa tuli, a kora da sobolo (zoɓo) mai zaƙi. Wannan ma sakaci ne da amanar jiki. Ki bi hadisin kasa ciki uku (abinci, ruwa da numfashi), ki rage tuwo ki ƙara miyar ganye, ki riƙa tafiyar ƙafa kamar minti 30 a yini.

Rage magani ko canza shi aikin likita ne bayan awo, a asibitin Komfo Anokye ko wanda kike zuwa. Yayarki kuma ki yi mata bayani da lallami, ƙauna ce ta sa ta faɗa.

Wallahu a'alam.