Kukan sifika a mota: filta za a saya ko waya za a duba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar fasinja tsakanin Jidda da Makka da Camry. Watan jiya aka ɗaura mini amfilifaya da babbar sifika a but, a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota. Tun ranar wani siririn kuka ke fita, in na taka totur ya hau, in na ɗaga ƙafa ya sauko. Ko karatu na kunna wa fasinja yana nan a ƙarƙashi. Mai shagon ya ce in sayi filta, wani kahraba'i, wato mai gyaran wutar mota, kuma ya ce a canza dinamo, na'urar da ke cajin batir. Wa zan bi? Daga direba a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Kukan da ke bin totur daga dinamo yake tasowa, wannan gaskiya ne, amma ba shi ke nuna ya lalace ba. Wutar da dinamo ke haifarwa mai kai-da-komo ce, wato AC, diyod ɗin cikinsa ke miƙar da ita, kuma ko lafiyayye ne sai ɗan gargada ya rage. Abin nema shi ne ƙofar da gargadar ta bi ta shiga sauti. Tunda sai bayan ɗaurin ka fara ji, ni dai aikin ɗaurin nake zargi.

Ka faka, ka kashe rediyo, ka zare wayoyin RCA da ke kawo sauti daga rediyo, masu kai ja da fari, daga jikin amfilifayar, sannan ka tayar da inji ka kunna rediyon. In kukan yana nan, je ka duba wayar as, wato wadda ke haɗa amfilifayar da ƙarfen bodin mota. Sau da yawa za ka tarar an ɗaure ta a notin kujera, a kan fenti, ko an ja ta doguwa siririya. Kamata ya yi kaurinta ya zo daidai da na wayar wuta, tsawonta kada ya wuce santimita 45 ko kusa da haka, kuma ta zauna a kan ƙarfen bodi tsirara. Sa a goge wurin da sanfefa har ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a kai, don danshin Jidda da gishirin teku ba sa barin ƙarfe ya huta.

In kuwa kukan ya ɗauke da ka zare, to daga gaba yake zuwa. Ɗaga kafet ta gefen ƙofa ka gani. Mai gaggawa yakan haɗa wayar wuta mai fitowa daga batir da wayoyin RCA a hanya ɗaya, har ya naɗe su da tef. A raba su, wannan ta dama, waccan ta hagu. Duba kuma maɓallin da aka rubuta wa Gain a jikin amfilifayar. Wasu masu shago suna murɗa shi har ƙarshe don but ya girgiza a gabanka ka biya da fara'a, alhali duk ƙazantar da ke cikin waya ita ma ya ɗaga ta.

Filta tana rufe kukan ne kawai, kuma masu arahar cikinsu kan rage ƙarfin bes ɗin da ka kashe riyal dominsa. Sai an gama duk na sama ake waiwayarta. Shi kuwa dinamo, kada a kwance shi sai an auna a gabanka: inji na aiki, mita ta nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5 a kan batir, in an juya ta zuwa AC kuma kada ta kai rabin volt. In ta wuce, kahraba'in ya yi gaskiya. Amma fara komawa wurin wanda ya ɗaura, gyaran aikinsa ne.

Tambaya: Ni sai na jona waya da AUX kuma ina caji nake jin ƙara. Rediyon ne ya tsufa? Daga wata baiwar Allah a Riyad.

Amsa: Hajiya, rediyonki lafiya lau. Zare cajar, za ki ji shiru. Wayar salularki ta samu as ta hanya biyu, ta caja da ta AUX, ga shi cajojin araha su ma da nasu kukan. Canza caja mai kyau, ko ki koma Bluetooth. A nan ne ƙaramar filtar da ake jonawa a wayar AUX take da amfani.

Tambaya: Sifikar ƙofata na karkarwa in sauti ya yi ƙarfi. In ɗauko ta tashlih, wurin sayar da kayan tsofaffin motoci, ko sabuwa? Daga Shara Mansur, Makka.

Amsa: Ɗan'uwa, danna murfin ƙofar da tafin hannu yayin da take karkarwar. In ta daina, kilif ne ya saki, ko wani sulalla ne a aljihun ƙofa. In ba ta daina ba, zoben soso ko robar da ke kewaye da takardar sifikar ne ya tsage, kuma a garin da zafi ke haura digiri 45 da bazara ba abin mamaki ba ne. Ta tashlih ita ma wannan zafin ranar ta sha, don haka ban ba ka shawararta ba. Sayi sababbi guda biyu, dama da hagu, masu ohm 4 in haka aka rubuta a bayan tsohuwar, kuma tafi da ita shago a gwada faɗi da zurfi, kada gilashin ƙofa ya riƙa bugun maganaɗisun in ka sauke shi.